Judo: Tsanani Daban, Mugunta Daban



A watan Afrilun 2021, a birnin Taichung na ƙasar Taiwan, aka kai wani yaro ɗan shekara bakwai ɗakin koyon judo. Sabon shiga ne, bai gama koyon faɗuwa ba. A ranar, wani ɗalibi da ya girme shi da shi kansa malamin suka yi ta ɗaga shi suna makawa da ƙasa har sau 27. Yaron ya yi kuka, ya ce kansa na ciwo, ya yi amai, malamin ya ce ƙarya yake yi don ya guje wa atisaye. Daga nan sai asibiti. Ya yi kimanin kwana 70 a sume, ya rasu a ƙarshen watan Yuni. Daga baya aka gano malamin ba shi da takardar izinin koyarwa, kotu kuma ta ɗaure shi.

Duk lokacin da irin wannan ya faru, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce wasan ne mugu, a hana yara kawai. Wasu kuma, musamman tsofaffin 'yan wasa, su ce tsautsayi ne, ai haka horon gargajiya yake, su ma haka aka yi musu ga shi sun zama mutane. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Ra'ayina shi ne horon judo na asali mai tsanani ne ƙwarai, kuma ya kamata ya ci gaba da zama haka, amma abin da ke kashe yara wani abu ne daban da ya saci rigar gargajiya ya saka. Mutumin da ya ƙirƙiro wasan ne babban shaidata.

Sunansa Jigoro Kano. Sunan ne kawai ya zo ɗaya da na birnin Dabo, shi Bajapane ne, an haife shi a 1860. Yana yaro ba shi da jiki, abokan karatu na cin zalinsa, sai ya shiga koyon jujutsu, wato dabarun faɗa na mayaƙan Japan na dauri. A 1882, yana ɗan shekara 22 ko ƙasa da haka kaɗan, ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a wani ɗaki na wurin ibadar Eishoji da ke Tokiyo, ɗakin da tabarmi 12 kawai yake ɗauka. Abin da ya lura da shi a tsohuwar koyarwa shi ne, dabarar da ta fi kisa ita ce wadda ba a iya gwada ta da gaske. Ba ka iya tsokane wa abokin karatunka ido kullum don ka ƙware. Sai dai ku yi ta kwaikwayo a hankali, ranar da faɗan gaske ya zo kuma jiki bai saba ba.

Sai Kano ya yi abin da wasu suka ɗauka ragwanci ne. Ya cire naushi da shuri da sauran dabaru masu illa daga gwabzawar yau da kullum, ya ajiye su a darasin da ake yi bisa tsari, kowa ya san abin da zai biyo baya. Abin da ya bari shi ne kayarwa, dannewa, shaƙa da murɗe gaɓa, daga baya ma aka taƙaita murɗewar ga gwiwar hannu kaɗai. Da haka ɗalibai suka samu damar yin abin da ake kira randori, wato kokawar gaske da iyakar ƙarfi, yau da gobe da jibi, ba tare da an kwashi kowa zuwa asibiti ba. Nan ne sirrin yake. Kiyaye lafiya shi ya buɗe wa tsanani ƙofa. Shi ya sa darasin farko a judo har gobe shi ne ukemi, koyon faɗuwa: ka naɗe haɓa zuwa ƙirji, ka bugi tabarma da hannu, ka hana ƙeyarka taɓa ƙasa. Kafin a koya maka kayar da mutum, sai an koya maka yadda za a kayar da kai ka tashi. Kano malamin makaranta ne, ya daɗe yana shugabantar babbar kwalejin horon malamai ta Tokiyo, kuma ginshiƙai biyu ya kafa wasan a kai: amfani da ƙarfi ta hanyar da ta fi dacewa, da kuma cin moriyar juna tsakaninka da abokin karawarka.

Kada wani ya ɗauka wannan na nufin horon wasa ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Kodokan ke da al'adar kangeiko, atisayen tsakiyar hunturu, da takwaransa na tsakiyar zafi. Har yanzu a watan Janairu mutane na fitowa da asuba cikin sanyin Tokiyo, kwanaki a jere, su yi ta gwabzawa. Akwai kuma uchikomi, maimaita shigar dabara ɗaya sau ɗaruruwa har jiki ya haddace ta ba sai an yi tunani ba. Wanda aka fi buga misali da shi a wannan fage shi ne Masahiko Kimura, wanda ya rayu daga 1917 zuwa 1993. Ƙa'idarsa ita ce ya ninka ƙoƙarin abokan hamayyarsa sau uku. Yakan shafe awanni masu yawa a rana yana atisaye, har da ɗaura ɗamara a jikin bishiya yana gwada taɗiya a kanta. Shi ne a 1951 ya je Burazil ya karya hannun Helio Gracie a filin Maracana, da murɗewar da har yau ake kiranta da sunansa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, wannan ba na jayayya da shi.

To amma a lura da abu ɗaya. Kimura jikinsa ya azabtar, da zaɓinsa, bayan ya shekara da shekaru yana gina wuya da ƙafa da baya. Matsalar ta fara ne lokacin da malaman makarantu suka ɗauki ma'aunin zakaran duniya suka ɗora wa ɗan shekara 12 da ya sa rigar judo watan jiya.

Wani malamin jami'a mai suna Ryo Uchida, masanin zamantakewar ilimi, ya zauna ya tattara bayanan mace-macen ɗalibai a makarantun Japan ɗaya bayan ɗaya. Ya gano cewa daga 1983 zuwa 2011 ɗalibai 118 ne suka mutu ta dalilin judo a makarantun sakandare. Kusan yara huɗu ke nan duk shekara, har tsawon shekara 29. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kamannin labaran. Akasarinsu 'yan ajin farko ne, sababbin shiga. Akasarinsu kuma raunin kai ne ya kashe su, wasu kuma zafi ne ya buge su a atisayen bazara.

Yadda abin ke faruwa ba boyayye ba ne. Akwai wata taɗiya da ake kira osoto-gari, inda ake share ƙafar mutum daga waje ya faɗi ta baya. Wanda ya ƙware zai riƙe kansa. Sabon shiga kuwa wuyansa bai yi ƙwari ba, sai kan ya fizgu baya da ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta motsa a cikin ƙoƙon kai, ƙananan jijiyoyin jini da ke tsakaninsu su tsinke. Jini ya fara taruwa yana danne ƙwaƙwalwa. Yaron na iya tashi ya ce kansa na ciwo kawai. Idan malami ya ce ragwanci ne ya koma fili, faɗuwa ta gaba na iya zama ta ƙarshe. Wannan ba tsautsayin da ba a iya gani ba ne. Ciwon kai, amai da jiri bayan faɗuwa sanarwa ce da jiki ke bayarwa, jiki kuwa magayi ne.

Shekara da shekaru ana rufe waɗannan mace-mace da sunan ƙaddara. Sai a 2010 iyayen yaran da suka mutu ko suka nakasa suka kafa ƙungiya, suka fara magana da murya ɗaya. Lokacin ya zo daidai da shirin gwamnati na wajabta wasannin faɗa na gargajiya a ƙananan makarantun sakandare daga 2012, don haka hankalin ƙasar ya tashi. Aka fitar da ƙa'idoji, aka horar da malamai, aka ja kunne kan raunin kai. Shekara uku a jere, 2012 zuwa 2014, ba a samu mutuwar ɗalibi ko ɗaya a judon makaranta ba. Wasan bai canza ba, osoto-gari tana nan, tabarmar ita ce dai. Manya ne suka buɗe ido. A 2015 aka sake samun mace-mace, abin da ke nuna cewa kulawa ba aikin shekara ɗaya ba ce.

Masu kare tsohon salo suna da hujja ɗaya mai nauyi, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa idan ka sassauta, zakaru za su ƙare, domin wuya ce ke gina zuciyar da ba ta karaya a minti na ƙarshe. Amsata kashi uku ce.

Na farko, masu cewa "mu ma haka aka yi mana" su ne waɗanda suka tsira. Yara 118 ba su da bakin ba da nasu labarin, haka ma dubban da suka ajiye rigar suka gudu ba su sake waiwayar wasan ba.

Na biyu, a dubi Faransa. Masu rajistar judo a can sun haura rabin miliyan, sun ninka na Japan kanta, kuma yawancinsu yara ne. Tun 1955 dokar ƙasar ta tsara sana'ar koyar da judo, ba ka buɗe ɗakin koyarwa kana karɓar kuɗi sai da shaidar ƙwarewa. Baƙar ɗamara kaɗai ba ta mayar da mutum malami. Faransa ba ta san irin wancan jerin gawarwakin yara ba, kuma ita ce ta haifi Teddy Riner, wanda ya ci zinaren Olamfik na ajin masu nauyi a 2012 da 2016 da 2024. Japan sai a 2013 hukumar judonta ta kawo tsarin lasisin masu horarwa.

Na uku, Japan da kanta ta gwada ta gani. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 mazanta suka dawo ba zinare ko ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba a duk gasar da suka shiga. A farkon 2013 kuma aka ji cewa mata 15 na tawagar ƙasa sun kai ƙarar babban kocinsu Ryuji Sonoda kan mari da duka da takobin gora da zagi, har ya sauka daga muƙaminsa. A ɓangaren maza aka miƙa ragama ga Kosei Inoue, wanda ya shigo da nazarin bidiyon abokan hamayya, da tsarin gina jiki, da kula da abinci da hutu. Atisaye bai yi sauƙi ba, ya dai samu hankali. A Rio a 2016 duk mazan bakwai suka samu lamba. A gasar Tokiyo da aka yi a 2021 Japan ta ci zinare tara a judo, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba. Shekara guda bayan haka, hukumar judo ta ƙasar ta soke gasar ƙasa ta ɗaiɗaiku ta 'yan firamare, saboda iyaye da koci-koci sun mayar da ita yaƙi, har ana tilasta wa ƙananan yara rage nauyi. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Yasuhiro Yamashita, mutumin da ya yi nasara sau 203 a jere. Shi ma ya san illa da jikinsa, domin a 1980 aka karya masa ƙafa da wata dabara mai suna kani-basami, wadda daga baya aka haramta. Ba wanda zai kira Yamashita rago.

Ban ce za a iya raba judo da haɗari gaba ɗaya ba. Wasa ne na ɗaga mutum a maka shi da ƙasa, za a yi targaɗe, za a goce kafaɗa, wani lokacin a karye. Wanda ba ya son gumi da gajiya ya nemi wani wasan. Abin da nake cewa shi ne ana iya bambance tsanani da mugunta, kuma wasan da kansa ya ba mu ma'auni. A judo, idan aka shaƙe ka ko aka murɗe maka hannu, kana buga tabarma ko jikin abokin karawarka sau biyu, dole ya sake ka nan take. Ko a wasan ƙarshe na gasar duniya haka dokar take. To idan zakaran duniya na da ikon cewa ya isa a saurare shi, da wane dalili za a hana ɗan shekara bakwai? Duk ɗakin horon da yaro zai ce kansa na ciwo a ce masa maƙaryaci, ya bar koyarwar Kano, komai yawan hotunan Kano da aka rataya a bangonsa.

Ga wanda ke da ɗa ko ƙane da ke sha'awar wannan wasa, shawarata kada a hana shi. A dai je a zauna a kalli darasi ɗaya tukuna. A duba ko sababbin shiga na ɓata lokaci mai tsawo kan koyon faɗuwa. A duba ko ana haɗa yaro da sa'ansa a girma da nauyi. A duba ko ana barin su sha ruwa. A tambayi malamin abin da yake yi idan yaro ya bugu a kai, idan amsarsa ba ta haɗa da dakatar da yaron da kai shi asibiti ba, a kama hannun yaro a fita. Malamin kirki zai gajiyar da ɗanka har ya kwanta tun kafin isha'i, amma gobe da ƙafarsa zai dawo, yana ɗokin komawa.

Na san a cikinmu akwai waɗanda suka taɓa judo ko makamancinsa, ina son jin inda kuke ganin iyakar take. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.