Kada A Yanke Magani A Tsakiya

Maigida, da kai muke. In ciwon daji ya kama nonon matarka, likita yakan sa mata magani mai ƙarfi ta jijiya, yawanci bayan kowane mako 3, har sau 6 ko 8. Maganin nan da wuya yake. Gashinta zai zube, ta yi amai, jiki ya mutu. Sai maƙwabta su ce, "Asibiti zai ƙarasa ta, a nemi na gida." Kada ka ji. Gashi zai sake tsirowa, amma dajin da aka yi wa rabin magani bazuwa yake yi.

A ba ta kunu, wake da ƙwai kaɗan-kaɗan. A ɗauke mata daka da ɗiban ruwa. In ta yi zazzaɓi, kada a jira motar ranar kasuwar Shuwarin. A garzaya asibitin Rashid Shekoni a Dutse, ko mafi kusa, domin maganin yakan rage wa jini ƙarfin kare jiki.

Tun yanzu ka tambayi likita abin da ke gaba. Aiki ne, ko gasa wurin da na'ura a Shika ta Zariya, ko ƙwayar da ake sha shekara 5? Ka ware kuɗin mota tun da kaka, kafin kuɗin riɗi ya ƙare.