Peter Thiel, Falke Ne Ko Malami?

Bayan haka, akwai wani attajiri a Amurka, Peter Thiel, wanda labarinsa ya isa malamai da fatake su tsaya su duba. An haife shi a Frankfurt ta Jamus cikin 1967, ya girma a Amurka. Ya karanta falsafa da shari'a a jami'ar Stanford, inda ya kafa jaridar masu ra'ayin riƙau cikin 1987.

Wajen ciniki babu mai musun gwanintarsa. Cikin 1998 shi da abokansa suka kafa kamfanin da ya zama PayPal, watau hanyar aika kuɗi ta intanet ba da ɗan aike ba. Cikin 2002 eBay ya saye shi dala miliyan 1,500. Bayan shekara biyu Thiel ya zuba dala 500,000 cikin Facebook, sa'ad da ake ganinsa abin wasan 'yan makaranta, daga baya ya sayar da hannunsa fiye da dala miliyan 1,000.

To, sai mutane suka ɗauka wanda ya hango riba haka lalle ya san inda duniya ta dosa. Nan gizo ke saƙa. Cikin 2009 ya rubuta wai 'yanci da mulkin zaɓe ba su zama inuwa ɗaya. Cikin 2016 ya hau dandamali ya goyi bayan Donald Trump, alhali galibin abokan sana'arsa sun juya wa mutumin baya. Wannan kam ƙarfin hali ne, a ba shi abinsa. Amma cikin 2019, da ya tuhumi Google da haɗa kai da sojan Sin har ya nemi hukuma ta bincike shi, yana cikin majalisar shugabannin Facebook, kishiyar Google wajen kuɗin talla. Har wa yau shi ne ɗaya daga masu kafa Palantir cikin 2003, kamfanin da ke tace bayanai yana sayar wa sojoji da 'yan leƙen asiri. Maƙeri in ya ce gari ya cika da ɓarayi, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma mai hankali ya kan leƙa ya ga kwadon ƙofa nawa ya shimfiɗa a gabansa.

Yana kukan ana toshe bakin masu ra'ayinsa, ga shi kuwa shi ya biya kuɗin shari'a a ɓoye aka kai jaridar Gawker ƙara, wadda ta taɓa tona sirrinsa. Aka ci ta dala miliyan 140 cikin 2016, ta karye. Jaridar ba ta da ladabi, gaskiya ne, amma da jaka aka kashe ta, ba da hujja ba.

Abin da zai fi sosa wa malamai rai shi ne, tun 2011 yana ba samari kuɗi, da fari dala 100,000 kowanne, domin su bar makaranta su kama sana'a. Shi kuwa sai da ya sauke karatu sau biyu kafin ya buɗe rumfa.