Mu kai iyalinmu su ga Kano

Da yawa daga cikinmu ƴan kasuwar Maraɗi da Ɗan Issa ba ma wata guda ba mu shiga Kano ba. Mun san lungunan Kantin Kwari da Dawanau kamar tsakar gidanmu. Amma mu tambayi kanmu: yaushe muka taɓa ɗaukar uwargida da yara muka kai su?

A ganinmu wannan sakaci ne. Yaron da zai gaji rumfarmu ya kamata ya san hanyar da abincinsa ke biyowa. A tashi Asabar da asuba ta Jibiya, a tsaya Katsina a nuna masa hasumiyar Gobarau, a faɗa masa daga garin nan kakannin Maraɗawa suka fito. A Kano ya hau Dutsen Dala, ya shiga Gidan Makama, ya ga marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Lahadi da yamma an dawo gida.

Wasu za su ce kuɗin mota da masauki da asarar cinikin kwana biyu sun yi yawa. Gaskiya ne, sai dai abin da muke kashewa a biki ɗaya ya fi haka.

Kada mu ce sai baɗi. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, ba wanda ya yi shawara da mu. Mu shirya takardun yara, mu tafi tun hanya na buɗe. Allah ya kiyaye hanya.