Lamfedusa: jiragen da aka saya don kada su dawo

A tsakiyar tekun Bahar Rum akwai wani ɗan tsibiri na ƙasar Italiya da ake kira Lamfedusa. Mazaunansa ba su wuce mutum dubu 6 da ƴan kai ba, kuma ya fi kusa da Afirka a kan Turai: kilomita 113 ne tsakaninsa da gaɓar Tunusiya, amma zuwa Sisili sai an yi sama da 200. Turawa na zuwa can hutu don wanka da cin kifi. Shekara da shekaru, wasu daga cikinsu kan ratse su je kallon wani abu dabam, wato tarin jiragen kamun kifi da aka jibge kusa da tashar ruwa, wani kan wani, fentinsu shuɗi ya koɗe, a jikinsu ga rubutun Larabci. Mutanen garin suka raɗa wa wurin suna maƙabartar jirage.

Masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto su wuce. Mu da muka san saye da sayarwa, lissafi ya kamata mu yi. Wane ɗan kasuwa ne zai sayi kamiyo, ya loda shi, ya aika shi Agadas alhali ya san ba zai sake ganin sa ba? Babu, sai wanda ya riga ya fid da kuɗin motar da ribarsa tun kafin ta bar tasha. To haka cinikin waɗannan jirage yake. Masu fataucin mutane a Libiya da Tunusiya sukan sayi tsohon jirgin da masunta suka gaji da gyaransa, su karɓi kuɗin kowane fasinja a tudu, su cika shi har cikin ramin da ake zuba kifi. In ya isa, hukumar Italiya ta kama shi, ya zauna a matsayin shaida gaban shari'a, daga baya ma'aikatar duwan ta sa a farfasa shi. In ya nutse, mai shi bai yi asarar ko dala ba. Shi ya sa ba ruwansa da lafiyar inji ko yoyon katako.

Ko matuƙin ma sau da yawa ba nasu ba ne. Sai a zaɓi wani yaro cikin matafiya, a ce an yafe masa kuɗin jirgi in ya riƙe sitiyari. Da an sauka shi ƴan sanda ke fara kamawa, shi ke shan ɗauri, uban tafiyar kuwa yana gida yana neman wani tsohon jirgin.

Ranar 3 ga Oktoba 2013 wani irin wannan jirgi da ya taso daga Misrata ɗauke da mutane kimanin 500, akasarinsu ƴan Eritiriya, ya lalace dab da Lamfedusa. Aka kunna wa bargo wuta don a hango su daga gaɓa, wutar ta kama jirgin, jama'a suka ruga gefe guda, ya kife. Mutum 368 suka rasu, 155 suka tsira. Mu a Nijar ba mu mance da wannan wata ba, don a ƙarshensa ne aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, 52 yara, 33 mata, galibi daga yankin Kance na jihar Damagaram, motocinsu sun mutu a hanyar Aljeriya. Su ba teku suka nufa ba, kuma gaskiya ce ƴan ƙasarmu sun fi tsayawa ci-rani a Libiya da Aljeriya. Amma cinikin iri ɗaya ne: kuɗi a hannu tun farko, abin hawa kuwa ko oho.

Wanda ya fi muni ya zo ranar 18 ga Afrilu 2015, lokacin da wani jirgin kamun kifi ya yi karo da babban jirgin dakon kaya da ya zo ceton sa. Mutum 28 kaɗai suka fita da rai, sama da 800 suka tafi ƙasa, da yawansu ƴan Afirka ta Yamma. A 2016 Italiya ta ciro jirgin daga ƙarƙashin teku. Likita Kiristina Kataniyo, wadda ta jagoranci binciken gawarwakin, ta ba da labarin wani yaro ɗan Mali mai kimanin shekara 14 da aka samu takardar sakamakon lakwal ɗinsa ɗinke cikin rigarsa. A 2019 an kai wannan jirgi baje kolin zane-zane na birnin Benis, masu kallo suna shan gahawa a gefensa, abin da ya jawo ka-ce-na-ce sosai. Ni dai ina ganin masu sukar suna da hujja.

Me Turai ta yi? Daga 2015 jiragen yaƙinta suka shiga farfasa jiragen masu fataucin a teku, wai don a karya musu jari. Jarin bai karye ba, kayan ne suka ƙara lalacewa. Aka koma ga kwale-kwalen roba da ake hura wa iska, wanda bai kai jirgin katako tsada ba, bai kuma kai shi ƙarfi ba. Daga ƙarshen 2022 sai ga sabon samfuri daga yankin Sfaks na Tunusiya: fallayen ƙarfe da masu walda ke liƙawa cikin gaggawa, a ɗaura masa ɗan ƙaramin inji. Igiyar ruwa kaɗan ke cika shi, kuma ƙarfe ba ya yawo a kan ruwa kamar katako, nan take yake nutsewa. A irin su ne akasarin mutane kimanin dubu 7 suka sauka Lamfedusa cikin kwana biyu a Satumbar 2023, fiye da yawan mutanen tsibirin.

A namu ɓangaren, dokar 2015-36 ta hana jigilar baƙin haure, aka kama direbobi da motoci a Agadas, masu tafiya suka koma bin hanyoyin da ba rijiya. A Nuwambar 2023 hukumomin soja na Yamai suka soke dokar. Wannan ya sauƙaƙa wa direbobi da ƴan kamasho, amma bai taɓa komai ba a bakin teku, inda babu mai duba jirgi kafin ya tashi.

Abin da ya sa muke kawo zancen a shafin ƴan kasuwa shi ne, kuɗin irin wannan tafiya ba daga sama yake faɗowa ba. Kwasar adashe ce, ko tumakin da uwa ta yi shekara tana kiwo, ko jarin tebur. Hajiya, ke da ba ki biyan buhun wake sai kin soka hannu kin ga ba ƙwari, in ɗanki ya bugo waya daga Sabha ko Tarabulus ya ce a aiko kuɗin ruwa, jirgin da za ki biya ba ki gan shi ba, shi ma ba zai gan shi ba sai daren tashi, a lokacin da masu bindiga ke tsaye bayansa, ba halin ya ce ya fasa.

Tsofaffin jiragen katakon dai an sami masu amfani da su. Wani kafinta na tsibirin, Faranchesko Tuchiyo, ya riƙa sassaƙa gicciye da katakonsu, kuma lokacin da Fafaroma Faransis ya je can a Yulin 2013, kan wani ƙaramin kwale-kwale ya yi addu'arsa. Fursunonin gidan kason Opera da ke Milan sun ƙera gogen Turawa da shi, har aka kaɗa su a babban zauren La Scala a 2024. Na ƙarfen Sfaks kuwa ba kafintan da ke so. A 2023 haka suka yi ta taruwa a tashar, suna tsatsa, suna tare wa masuntan tsibirin hanya, har sai an zo an kwashe.