Hattara Da 'Yan Kasuwar Garkuwar Jiki

Ya ku 'yan'uwa, wajibi ne mu ja kunne game da masu yawo da lasifika a kasuwanni da tashoshin mota suna tallar saiwa da sassaƙe, wai masu farfaɗo da garkuwar jiki. Wasunsu har sun hardace sunan taimos, wato ɗan naman da ke bayan ƙashin ƙirji, inda wasu ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta ke samun horo. To, wannan halitta ƙanƙancewa take yi bayan balaga, bisa tsarin Mahalicci, kuma babu jiƙon da aka tabbatar yana mayar da ita.

Ba mu musun amfanin zuma ko habbatus-sauda. Abin da muke ƙyama shi ne cin dukiyar majinyata da ƙarya. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi da'awar warkar da ƙanjamau da ganyaye. Aka raba majinyata da maganin asibiti, wasunsu suka rasu.

Yunwa da ƙyanda suna cikin manyan masu karya garkuwar 'ya'yanmu. Mu ƙosar da su, mu kai su rigakafi. Allah Ya ganar da mu.