Wai Wannan Ma Ha'inci Ne?

Jama'a ku ji ikon Allah. An rage wa wata 'yar ajinmu maki saboda ta ɓoye fuskar matar da ta yi hira da ita da Magic Mask na DaVinci Resolve. Wai na'ura ce ta yi mata aikin!

Haba Malam. Bidiyon minti 5, hoto 25 a kowane sakan, hotuna 7,500 ke nan. Da hannu za ta bi su, da wannan wutar tamu? Ta kuskure ɗaya tak, mijin da matar ta gudo wa ya gane ta. Manhajar kuwa bin fuskar take daga hoto zuwa hoto, ko matar ta juya kai.

Ita ta nemo matar, ita ta yi tambayoyin. A maido mata makinta kawai.