Mu rage fariya, mu koma gida da wuri

Ƴan uwa, ni tela ne a Damagaram. Shekara da shekaru ina buɗe shago ƙarfe 7 na safe, ba ni rufewa sai ƙarfe 11 na dare. In an fidda lokacin salla da na cin abinci, awa 14 ke nan bisa keke kowace rana. Ba Juma'a, ba Lahadi. Ku yi lissafi: 14 sau 7, awa 98 cikin mako guda.

Wata rana malamin lakwal ya aiko kirana. Ya ce ɗana ya yi kwana 20 bai zo aji ba. Ni ban sani ba. Yaya za ni sani? In na fita yana kwana, in na komo yana kwana. Uwarsa kuma tun asuba tana bakin titi wajen suyar ƙosai. Ran nan na ji kunya ƙwarai.

Da dare na ɗauki takarda da alƙalami. Nan karatun yaƙi da jahilci ya yi mini rana. Na rubuta duk inda kuɗinmu ke zuwa. Gefe guda na sa hatsi, cefane, hayar gida, magani da kayan lakwal. Waɗannan dole ne. Ɗaya gefen na sa ankon kowane biki, da sabuwar shadda don a gani, da canjin salula, da bashin da na ci don sunan autarmu ya fi na maƙwabci. Sai na gane abu guda: aikin daren da nike yi ba tuwo yake saye ba, bashin fariya yake biya. Hausawa sun yi gaskiya, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ba yau aka fara zancen tsawon lokacin aiki ba. Ranar 1 ga watan Mayu ta 1886, ma'aikata sun yi yajin aiki a birnin Shikago na Amurka. Suna neman a tsaida aiki awa 8 a yini. Shi ne asalin sallar ma'aikata da ake yi kowace shekara, har nan Nijar. A 1919 ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta amince da awa 8 a yini, awa 48 a mako, ga ma'aikatan masana'antu. A ƙasarmu dokar aiki ta sa awa 40 a mako ga mai aikin albashi, da hutun kwana guda aƙalla.

Amma tela, da ɗan kabu-kabu, da mai tebur, da mai tuwo-tuwo, wa zai ce musu su tashi? Ba su da maigida sai kansu. To, sai kowa ya yi wa kansa doka.

Wani zai ce: "Malam, kai ka samu ne. Ni in ban fita ba, tukunya ba ta hawa murhu." Wannan gaskiya ne. Wanda ke neman na hura ba shi da abin ragewa, kuma ba da shi nike ba. Manomi ma ba shi barin gona lokacin noma don ya yi hira. Da mu nike, mu da muka samu na ci, amma muke kashe kanmu don kada a ce wane ya fi mu.

Ga abin da muka shirya ni da maiɗakina. Ba mu ɗaukar anko sai na dangi na kusa. Ba mu cin bashi don biki. Ita ta shiga asusun mata, irin na Mata Masu Dubara da aka soma a jihar Maraɗi a 1991. Kowane mako tana zuba ɗan abin da ta samu, in matsala ta taso ta ranta can. Ni kuma ina rufe shago da magariba, ran Juma'a da azahar. Sai kusa da salla nike ƙara lokaci, don ɗinki ya yi yawa.

Ba ni ɓoye muku, kuɗin da ke shigowa sun ragu. Waɗansu masu kawo ɗinki sun koma wani wuri. Waɗansu dangi sun ce mun yi rowa. Amma yanzu muna cin tuwon dare tare da yara. Ina duba karatun ɗana. Na san abokansa. In yarinya ba ta da lafiya, ni ke kai ta likita, uwar ta samu ta huta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a tanƙwara shi daga shago.

Jama'a, yau da dare kowa ya ɗauki takarda. Ya rubuta awa nawa yake aiki cikin mako, awa nawa yake zama da iyalinsa. Ya rubuta abin da yake saye don bukata, da wanda yake saye don idon mutane. Sannan miji da mata su zauna su duba abin da za su iya bari. Allah ya sa albarka cikin nemanmu, ya shirya mana zuri'a.